Ƙusoshi ko roba a ƙarƙashin lasifika: wanne ya dace da daɓen tayil a gidan sama?

Ɗan Tudun Wada ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar sauti a kan wani al'amari da ya shige mini duhu. Ina da lasifikoki biyu irin dogayen nan da ake girkewa a ƙasa, kowacce tsayinta ya kusa mita 1, nauyinta kuma kilo 18, kuma a cikin kwalinsu na tarar da ƙusoshi takwas na ƙarfe masu tsini tare da notinsu, waɗanda ake ɗaurawa a gindin akwatin. Har yanzu ban ɗaura su ba, domin falon da nake saurare a ciki yana saman bene ne a wani gidan haya a Kano, daɓensa kankare ne da aka shimfiɗa wa tayil, kuma ina tsoron kada tsinin ya fasa wa mai gida tayil. Tsawon falon mita 5 ne, faɗinsa mita 4, kuma akwai kafet a tsakiya wanda gefensa ya shiga ƙarƙashin lasifikar hagu, shi ya sa take ɗan girgiɗi idan aka taɓa ta.

Abubuwa biyu ne suke damuna. Na farko, idan na sa kiɗan da yake da ganga ko wani abu mai kaurin sauti, wasu dukan sukan kumbura su cika ɗakin har su danne muryar mawaƙi, alhali wasu dukan kuma da ƙyar nake jin su. Na biyu, maƙwabcina na ƙasa ya yi mini magana cikin mutunci cewa da dare yakan ji rugugin kiɗan a silin ɗinsa, ko da ban ƙure ƙarar ba, kuma ba na son in zama sanadin hana bawan Allah barci.

Na karanta bayanai a intanet, sai na ga mutane sun rabu gida biyu. Wasu sun ce a ɗaura ƙusoshi domin girgizar akwati ta sauka cikin ƙasa ta ɓace, wasu kuma sun ce a raba lasifika da daɓe gaba ɗaya ta hanyar ɗora ta a kan roba ko sifirin. Wani mai sayar da kayan sauti ya nuna mini wasu ƙafafu da ake shigowa da su daga waje, waɗanda kuɗinsu ya kusa kashi ɗaya cikin uku na kuɗin lasifikokin. Shin abin da ke ƙarƙashin lasifika yana canza sauti da gaske, kuma wanne ya dace da irin ɗakina?

Injiniya Mai Ritaya ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Dalilin da ya sa maganganun biyu suka yi karo shi ne, kowane ɓangare yana magana ne a kan irin daɓen da ke gidansa ba tare da ya ambata ba, kuma yawancin masu rubuce-rubucen nan ba a kan tayil da kankare suke zaune ba.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a cikin akwatin. Duk lokacin da takardar wufa, wato babban bakin da ke fitar da kaurin sauti, ta yunƙura gaba, akwatin yakan samu turi zuwa baya da ƙarfi daidai da wancan, kamar yadda Isaac Newton ya bayyana a dokarsa ta uku ta motsi tun shekarar 1687. Sai dai nauyin takardar wufa mai faɗin santimita 16 tare da wayar da ke manne da ita bai cika wuce giram 20 ba, alhali akwatinka giram 18,000 ne, wato ya ninka ta sau 900. Ko da a ce an rataye akwatin a iska babu abin da ya riƙe shi, idan takardar ta motsa milimita 1, shi motsinsa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Saboda haka maganar da ake yi cewa idan babu ƙusoshi akwati zai riƙa ja da baya yana cinye kaurin sauti, an zuzuta ta fiye da kima. Abin da ya fi muhimmanci shi ne inda wannan turi yake zuwa. Idan takardar tana kai-komo na milimita 1 sau 50 a daƙiƙa, wato haz 50, ƙarfin da take jijjiga akwatin da shi ya yi daidai da nauyin abu mai giram 200. Ba wani ƙarfi ne mai yawa ba, amma yana maimaituwa ba tsayawa, kuma ta ƙafafun lasifika yake shiga daɓe.

Ƙusoshin nan sun yi tashe ne a Birtaniya a shekarun 1980, inda ɗakuna da yawa suke da kafet mai kauri daga bango zuwa bango, da wata shimfiɗa mai laushi a ƙarƙashinsa. Doguwar lasifika a kan irin wannan kafet ba ta tsayawa cik, sai ta riƙa lilo gaba da baya. Aikin tsinin shi ne ya huda kafet ya taɓa daɓe mai tauri, akwatin ya kafu. Wannan aiki ne na gaske kuma mai amfani. Amma batun cewa ƙusa tana zubar da girgiza ƙasa ta hana ta dawowa ba shi da tushe, domin ƙarfe mai tauri yana ɗaukar girgiza ta kowane ɓangare, daga akwati zuwa daɓe da kuma daga daɓe zuwa akwati. Ƙusa haɗa lasifika da gini take yi, ba raba su ba.

A kan tayil kuwa babu abin da ƙusar za ta huda. Kilo 18 a kan ƙusoshi huɗu yana nufin kilo 4.5 a kan kowane tsini, kuma idan faɗin bakin tsinin milimita ɗaya ne a murabba'i, matsin ya kai kilo 450 a kan kowace santimita murabba'i, wanda ya isa ya kwarzane ƙyallin tayil ko ya tsaga shi. Tsoronka yana kan hanya. Akwai kuma wata matsalar da ba a cika lura da ita ba: tayil ba ya taɓa zama shimfiɗe daidai ɗari bisa ɗari, saboda haka sau da yawa ƙusoshi uku ne suke ɗauke da nauyin, ta huɗun tana shafar tayil kawai, kuma da zarar kiɗa ya yi ƙarfi sai ta riƙa ƙwanƙwasa shi tana fitar da wani zizar da mutum zai ɗauka daga lasifikar take. Wanda ya ga lallai sai ya yi amfani da su, to ya sa ƙananan faranti na ƙarfe a ƙarƙashin kowane tsini, ya daidaita tsayinsu har akwatin ya daina motsi ko kaɗan, sannan ya ɗaure notin tamau.

Yanzu ga batun roba da sifirin, wanda a nan ne mutane suka fi yin asarar kuɗi. Duk abu mai nauyi da aka ɗora a kan abu mai laushi yana da wani yawan kaɗawa da ya fi son yin rawa a kai. Idan girgizar da ke zuwa ta yi kusa da wannan adadi, robar ƙara ta take yi maimakon ta rage, kuma ba ta fara tace girgiza sai abin ya haura wannan adadi da kusan ninki 1.4. Ana gane adadin ne daga yadda robar ta nutse a ƙarƙashin nauyin. Idan ta nutse milimita 1, adadin yana wajen haz 16. Idan ta nutse milimita 2.5, yana wajen haz 10, kuma a lissafi, a haz 40 kusan kashi ɗaya cikin 15 na girgizar ne kawai zai wuce zuwa daɓe. Amma idan roba ce mai tauri irin guntun tayar mota, wadda nutsewarta ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, adadin zai faɗa wajen haz 50, wato a tsakiyar kaurin sautin da kake ƙoƙarin hana shi sauka wurin maƙwabcinka. Duk wanda ya taɓa zama a ƙasan bene ana daka a sama ya san wannan: idan aka shimfiɗa ƙyalle marar kauri a ƙarƙashin turmi babu abin da yake canzawa, sai an naɗe buhu ko tsumma mai yawa wanda turmin zai ɗan nutse a cikinsa kafin na ƙasa ya samu sauƙi.

Game da kumburin wasu sautuka kuwa, ina ganin ba daga ƙafafun lasifika matsalar take ba, daga ɗakin ne. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, kuma tsakanin bango biyu masu fuskantar juna akwai sautukan da suke kai-komo suna ƙarfafa kansu. A tsawon mita 5 na farkonsu yana wajen haz 34, na biyu haz 69, a faɗin mita 4 kuma haz 43 da 86. Bangon bulo da aka yi wa filasta yana mayar da kaurin sauti kusan gaba ɗayansa, ba kamar bangon allo na gidajen Amurka ba wanda yake ɗan lanƙwasa ya shanye wani kaso, shi ya sa wannan matsala ta fi tsanani a gidajenmu. Idan kujerarka tana jingine da bangon baya, kamar yadda muka saba jera kujeru, to kana zaune ne daidai inda waɗannan sautuka suka fi taruwa. Ka janyo kujerar gaba, ka fitar da lasifikokin daga kusurwa, ka janye kafet ɗin daga ƙarƙashin ta hagu, sannan ka sake saurare kafin ka biya kuɗin komai.

Bakatsine a Landan ya rubuta:

Salamu alaikum. Na gode wa Injiniya da wannan bayani, kuma ina so in ƙara daga ɓangaren wanda yake zaune a irin gidan da aka ƙirƙiri waɗannan kayayyaki dominsa. Gidan da nake ciki yana daga cikin jerin gidajen da aka gina a ƙarshen ƙarni na 19, kuma daɓensa alluna ne na katako da aka buga a kan azarori, ƙarƙashinsu kuma fili ne da iska. Irin wannan daɓe ba shi da nauyi, faɗinsa kuma ya ninka na takardar wufa sau ɗaruruwa, saboda haka ko ɗan motsi kaɗan ya yi, iskar da yake turawa tana da yawa. Lokacin da lasifikokina suke kan ƙusoshi, ina jin kaurin sauti a tafin ƙafata da jikin kujera, kuma dukan ganga yakan ja jela bayan an riga an wuce shi, domin daɓen ya ci gaba da rawa bayan lasifikar ta yi shiru. Da na ɗora su a kan mazauni mai sifirin, wannan jelar ta ragu ƙwarai, har wanda bai damu da harkar sauti ba zai iya tabbatarwa idan ya ɗora tafin hannunsa a kan allon daɓe. Kamfanin Townshend Audio na nan Ingila ya yi suna da irin wannan mazauni mai sifirin mai laushi sosai, kamfanin IsoAcoustics na Kanada kuma da ƙafafu masu roba a ciki waɗanda aka rarraba bisa nauyin lasifikar da za su ɗauka, kuma wannan rarrabawa ita ce take tabbatar da maganar Injiniya cewa laushin dole ya dace da nauyi.

Inda nake so in ɗan saɓa wa Injiniya, da girmamawa, shi ne a kan yadda za a ɗauki daɓen mai tambaya. Kankaren da aka zuba a kan ƙasa daban yake da kankaren bene. Na ƙasa yana kwance a kan ƙasa mai nauyin da babu lasifikar da za ta motsa, amma na bene faffaɗan fale ne wanda kaurinsa yawanci bai wuce santimita 15 ba, yana rataye tsakanin ginshiƙai, kuma ɗaya fuskarsa ita ce rufin ɗakin maƙwabci. Kankare yana ɗaukar sauti da gudun da ya haura mita 3,000 a daƙiƙa, kusan ninki goma na gudunsa a iska, kuma ba ya shanye shi da wuri, shi ya sa idan aka buga ƙusa a bangon ɗaki ɗaya ake ji a duk ginin. Don haka ni a ganina, ko da mai tambaya ba zai ji babban bambanci a kujerarsa ba, maƙwabcin zai iya ji, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin guje wa ƙusoshi a zaɓi abu mai laushi.

Sai dai ina da gargaɗi ɗaya da nake ɗauka da muhimmanci fiye da duk maganar sauti. Lasifika mai tsayin mita 1 da siririn gindi, idan aka ɗora ta kai tsaye a kan abu mai laushi, turi kaɗan ne zai kayar da ita, kuma kilo 18 ya isa ya yi wa ƙaramin yaro mummunan rauni. Idan akwai yara a gidan, dole ne gindin ya fi akwatin faɗi sosai. Ga masu sauraren faifan garmaho kuma, girgizar daɓe takan hau teburi ta shiga allura ta koma cikin amfilifaya, kuma maganin da aka daɗe da sani shi ne a kafa wa na'urar kantar ajiya a jikin bangon bulo maimakon a ajiye ta a kan abin da ke tsaye a daɓe.

Mai Naɗar Sauti ta rubuta:

Assalamu alaikum, Malamai. Aikina naɗar murya da kiɗa ne a ɗakin ɗaukar sauti, kuma abin da nake so in jawo hankali a kai shi ne, duk abin da aka sa a ƙarƙashin lasifika yana canza tsayinta, kuma sau da yawa wannan ne kunne yake ji, ba raguwar girgiza ba.

Tuwita, wato ƙaramin bakin da ke fitar da siririn sauti, an tsara shi ne ya fuskanci kunnen mai saurare. A wajen haz 2,000 zuwa 3,000, inda yawancin lasifikoki masu baki biyu suke miƙa aiki daga wufa zuwa tuwita, bakunan biyu suna fitar da sauti ɗaya a lokaci ɗaya, kuma idan kunne ya yi sama ko ƙasa da layin da aka tsara, sautin ɗaya yakan iso kafin ɗayan su soke juna. Wannan yanki kuwa shi ne yake ɗauke da fitar haruffa a muryar mai karatu ko mawaƙi. Mutumin da ke zaune a kan kujera kunnensa yana wajen santimita 95 zuwa 100 daga ƙasa, wanda ya dace da lasifikar mai tambaya, amma da yawa daga cikinmu mun fi son zama a kan kafet mu jingina da matashi, kuma a nan kunne yakan sauko zuwa wajen santimita 70 ko ƙasa da haka. Wanda yake saurare a haka, idan ya ƙara wa lasifika tsayi da ƙusoshi ko mazauni, ya ƙara nisanta tuwita daga kunnensa. A nan ne ƙafafun da ake murɗawa kamar noti suke da amfanin da ba a cika faɗa ba, domin ana iya ɗaga na baya kaɗan akwatin ya ɗan sunkuya wajen mai saurare.

Akwai kuma sautin da yake bugun daɓe ya dawo kunne a makare. Idan wufa tana santimita 80 daga ƙasa, kunne yana mita 1, tazarar da ke tsakani kuma mita 2.5, hanyar sautin da ya bugi daɓe ta fi ta kai-tsaye tsawo da kusan santimita 57, kuma wannan yana haifar da rami, wato raunin sauti, a wajen haz 300, inda kaurin muryar namiji yake. Tayil yana mayar da wannan sauti kusan dukkansa. Kafet yana taimakawa wajen shanye siririn sauti, amma bai isa ya taɓa haz 300 ba. Roy Allison, wani mai ƙera lasifika a Amurka, ya wallafa bincike a 1974 a kan yadda kusanci da bango da daɓe yake canza ƙarfin da lasifika take fitarwa, kuma darasin bai tsufa ba: tazarar santimita 86 tsakanin fuskar lasifika da bangon da ke bayanta tana haifar da rami a wajen haz 100. Matsar da lasifika taku ɗaya yakan canza abin da ake ji fiye da kowace irin ƙafa.

Ga masu ƙananan lasifikoki, abin da na saba gani a gidaje shi ne an ajiye su a ƙasa ko an cusa su cikin kabad ɗin talabijin, kuma a nan ne mazauni yake kawo canjin da kowa zai ji. Mai walda zai iya haɗa mazauni na ƙarfe mai tsayin kusan santimita 60 da faffaɗan gindi, a cika bututun da busasshen yashi domin kada ya riƙa amo idan an ƙwanƙwasa shi, a manna lasifikar da ƙananan dunƙulen Blu Tack guda huɗu, wato wani abin mannawa mai kama da danƙo.

Ina kuma roƙon mai tambaya ya yi hattara da yadda zai gwada. A 1994 Floyd Toole da Sean Olive na kamfanin Harman mai ƙera kayan sauti sun gabatar da sakamakon wani gwaji da ya nuna cewa makin da masu saurare suke ba lasifikoki yana canzawa idan suna ganin su, har da ƙwararrun cikinsu, idan aka kwatanta da lokacin da aka sa labule. Ba ƙarya mutanen suke yi ba, ido da sanin farashi ne suke shiga cikin abin da kunne yake kai wa ƙwaƙwalwa. Ka yi alama a tayil da salatif domin lasifikar ta koma daidai inda take, kada ka taɓa maɓallin ƙara, kuma ka sa wani ya canza ƙafafun ba tare da ka san wanne aka sa ba. Kafin duk wannan, ka samu sautin gwaji mai hawa sannu a hankali daga haz 30 zuwa 200, ka kunna shi da matsakaiciyar ƙara ka zagaya ɗakin. Gilasan taga, ƙofar kabad, hotunan bango, silin da kwanukan ado duk za su tona kansu ɗaya bayan ɗaya. Manhajar REW, ta auna sautin ɗaki, kyauta ce ga wanda yake son ya ga abin a zane a kwamfuta.

Ɗan Tudun Wada ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na janye kafet ɗin, na fitar da lasifikokin daga kusurwa, na kuma janyo kujerar daga jikin bango, kuma kumburin ya ragu sosai, muryoyi sun fito fili. Sautin gwajin da Hajiya ta ba da shawara ya nuna mini cewa gilashin taga ɗaya yana kaɗawa a cikin firam ɗinsa, sannan tayil ɗin da ke ƙarƙashin lasifikar dama yana amsawa kamar akwai rami a ƙarƙashinsa idan na ƙwanƙwasa shi. Saura batun maƙwabcina. Ina da yara ƙanana, saboda haka gargaɗin ɗan'uwanmu na Landan ya shige ni. Injiniya, idan zan haɗa abin da kaina da kayan da ake samu a kasuwa, yaya zan zaɓi robar, kuma me zan sa tsakaninta da akwatin?

Injiniya Mai Ritaya ya rubuta:

Madalla, Malam. Maganar ɗan'uwanmu a kan bambancin kankaren bene da na ƙasa daidai ce, kuma a kanta zan gina shawarata.

Ka je wurin masu yankan dutsen da ake shimfiɗawa a kan kantar kicin, ka sa su yanka maka guda biyu, kowanne santimita 40 a 40, kaurinsa santimita 3, su goge gefunan kada su yanki yaro. Kowanne zai yi kusan kilo 13. Dutsen yana yin ayyuka da yawa a lokaci ɗaya: ya faɗaɗa gindi, ya saukar da tsakiyar nauyin ƙasa, ya ƙara nauyin da zai danne robar, sannan ya haye tayil ɗin nan mai rami ya raba nauyin a kan maƙwabtansa, ko da yake zai fi kyau ka matsar da lasifikar ta bar kansa idan wurin ya ba da dama. Lasifikar ta zauna a kan dutsen kai tsaye da ƙananan ƙafafunta na roba ko dunƙulen abin mannawar da Hajiya ta ambata, domin a wannan mahaɗa so ake su zama abu ɗaya. Laushin a ƙarƙashin dutsen ake sa shi, a kusurwoyi huɗu, can bakin gefe.

Jimillar nauyin ta zama kilo 31, wato kusan kilo 8 a kan kowace kusurwa. Ka auna kaurin robar kafin ka ɗora nauyin da kuma bayan ka ɗora, kana neman nutsewar milimita 2 zuwa 3, amma kada ta wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kaurinta, domin robar da aka matse ta ƙure ta koma abu mai tauri. Idan ba ta nutse yadda ake so ba, ka rage faɗinta, domin ƙaramin yanki ya fi babba nutsewa a ƙarƙashin nauyi ɗaya. Ka sani cewa roba takan fi tauri a lokacin da ake jijjiga ta fiye da yadda awon nutsewa yake nunawa, saboda haka alƙaluman da na bayar a baya su ne mafi kyawun abin da za a samu, kuma gara ka karkata wajen laushi. Sorbothane, wani abu mai laushi kamar roba, an yi shi ne musamman domin shanye girgiza, kuma ana sayar da shi da bayanin nauyin da kowane yanki yake ɗauka. Soson katifa bai dace ba, domin yakan kwanta bayan ɗan lokaci. Zafin bazara yana ƙara wa irin waɗannan kayan laushi, don haka ka sake aunawa idan yanayi ya juya. Gaban lasifika yakan fi bayanta nauyi saboda maganaɗisun da ke jikin bakunan, saboda haka ka ɗan ja ta baya a kan dutsen har ma'aunin magina ya nuna ya zauna daidai, kuma ka tuna tsayin ya ƙaru da kusan santimita 5.

Wannan zai rage abin da ke bi ta ƙafafu ne kawai. Kaurin sautin da ke cikin iskar ɗakin shi ma yana tura kankaren da bangaye, kuma babu robar da za ta tare shi, saboda haka da dare sai ka haɗa da rage maɓallin kauri a jikin amfilifaya. Ka nemi izinin maƙwabcin ka tsaya a ɗakinsa, wani ya kunna kiɗa ɗaya da ƙara ɗaya, da robar da kuma babu ita, domin a can ƙasa ne za a fi jin ko aikin ya yi.